Iyakar da Ba Ta da Igiya

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Ranar Juma'a in an idar da salla a masallacinmu na Sterling, nan Amurka, kafin in kai inda na ajiye mota sai an tare ni. Wannan ya ce yaya Ingila, wancan ya ce wai da gaske ne rana ba ta fitowa. Ko Hyattsville na je sayen gero da manja, Alhaji Isyaka mutumin Kumasi mai shagon ba ya auna mini komai sai ya ce, "Mannir, ka ga Sarauniya? Ka gaishe ta?" Na gaji da yanka labarin gutsi-gutsi a bakin mota, kowa ya tafi da guntunsa ya ƙara masa gishiri, har na ji wani yana faɗa wai an kulle ni a Landan. Ba a kulle ni ba. Ga labarin nan duka, wanda ya sake tambaya wannan zan miƙa masa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Matata Hauwa tana da tsohon ciki a lokacin. Haihuwarta ta fari, ta 'yarmu Ummi, ta zo mana a tsakiyar sanyin ƙasar nan, ƙanƙara ta toshe ƙofa, ni kuma ina can wurin aiki ina gadin kwamfutocin mutane. Mahaifiyar Hauwa ta rasu tun tana budurwa a Zariya. Babu mai dafa mata ruwan wanka, babu mai dama mata kunun kanwa, babu ma wanda zai karɓi jaririya ta samu ta runtsa. Watanni ta yi tana kuka ba ta san dalili ba. Likita ya ba abin wani dogon suna, ita kuwa ta ce sunansa kaɗaici. Da wannan cikin ya tsufa sai na ga tsoron nan ya fara dawowa idonta, ni ma hankalina ya tashi.

Maganin abin yana hannun Hajiya, mahaifiyata. Tana Ireland ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, wajen ƙanwata Binta da ke aikin likita a garin Newry, ta je yi mata zaman jego. Bizar Amurka tana cikin fasfonta, an riga an buga. Matsala ɗaya ce: a zuwanta ta ɓace a filin jirgin Landan, ta yini tana zagaye da jakarta a ka, ta rantse ba za ta ƙara hawa jirgi ita kaɗai ba. Wanda ya san Hajiya ya san rantsuwarta ba ta da kaffara. Dole in je in ɗauko ta. Da Hauwa ta sauke ni a filin jirgin Dulles ba ta fito daga mota ba, ta riƙe sitiyari ta ce, "Abban Ummi, ban ce ka sayo mini komai ba. Ka dai zo da ita."

Binta ta ce in na sauka Landan in sake wani jirgin zuwa Belfast, a gama. Na ƙi. Mu da aka zane mu a firamare a kan sunayen garuruwan Ingila, ba zan ƙetare ta ta sama kamar shamuwa ba. Na ce jirgin ƙasa zan hau, sannan na ruwa. Jami'in shige da fice ya duba fasfona na Amurka, ya duba inda aka rubuta wurin haihuwa, ya yi mini tambayoyi cikin wani irin ladabi da na kasa gane ko maraba yake yi mini ko tuhuma. Na ce uwata na zo ɗauka. Ya buga hatimi ya ce yana fatan ruwan sama ba zai ɓata mini rai ba.

Na sauka a gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗaki haɗe da karin kumallo. Kafin in ajiye jaka ta sanar da ni cewa gidan ya girmi Amurka. Kafin in gama mamaki na ƙuma goshina a saman ƙofa. Ta ce mutanen da gajeru ne, kuma hukuma ta hana a taɓa ƙofar ko da ƙusa ɗaya, don gidan kayan tarihi ne. A Virginia gidan da ya ɗan kwana biyu sai a rushe shi a dasa sabo, a Jibiya damina ce ke yanke wa gini hukunci, su kuwa nan sun gwammace kowane baƙo ya fita da ƙulu a ka. Ban ga laifinsu sosai ba bayan ƙulun ya sace.

Alwala ce ta fi ba ni wahala. Famfo biyu ne a wurin wanke hannu, kowanne a kusurwarsa, ɗaya na tafasasshen ruwa, ɗaya kamar daga cikin ƙanƙara aka jawo shi. Babu inda suke haɗuwa. Na yi ta tsalle da hannu tsakanin su, in ƙone nan in daskare can, har na haƙura na ɗauko kofin shayi na mayar da shi buta. Da safe wata mata 'yar Poland ta kawo mini faranti, a gefensa wani baƙin abu zagayayye mai kyan gani. Allah ya sa na tambaya. Jinin alade ne aka daskarar da hatsi. Na tura shi can, na koma kan burodi da ƙwai da wake. Tsohuwa ta zauna kusa da ni tana mita a kan baƙi da dokokin kasuwar Turai, wai gara ƙasarsu ta fice ta tsaya da ƙafarta. Tana mitar tana shafa man shanun Ireland a burodi, ga cukun Faransa a gabanta, 'yar Poland na ƙara mata shayi. Sai ta tuna mini da kawuna da ba ya rabuwa da zagin mutanen Maraɗi, alhali wakensu ne a rumbunsa.

Na shiga wani babban gidan tarihi da rana, kyauta ake shiga. A wani ɗaki na ci karo da babbar riga irin tamu, aikin hannu, aska takwas, an shimfiɗa ta a bayan gilashi da fitila a kanta. Na daɗe a tsaye. Raina ya sosu da na tuna yadda irin waɗannan kayan suka ƙetaro teku, kuma na san ta kakana da ta fi wannan kyau asu ne suka cinye ta a cikin adaka. Ina cikin wannan tunani na ja da baya na take ƙafar wani dattijo. Kafin in buɗe baki shi ya ba ni haƙuri. Na ba shi, ya sake ba ni, muka rabu kowa yana ganin shi ne mai laifi.

Jirgin ƙasa ya ɗauke ni zuwa Scotland. Ba zan cika ku da bayanin hanya ba, kore ne da tumaki, tumakin ma duk an shafa musu fenti a baya don kowa ya gane nasa. A tashar jirgin ruwa mutane suna wucewa ba mai ce musu komai, sai ni kaɗai ɗan sanda ya yafuto ya ce in nuna fasfo. Na nuna. Na san abin da ya gani a jikina, kuma abin ya tsaya mini.

Teku ba ta yi mini da daɗi ba. Muna fita cikina ya juya, na rungume wani ƙarfe ina salati. Wani jibgegen direban babbar mota mai suna Brendan ya zaunar da ni, ya kawo mini shayi da biskit mai citta, ya ce in kafa ido a kan layin da ruwa ya haɗu da sama. Naman shanu da man shanu yake kaiwa Ingila, ya komo da kayan kanti. Ya ce shi ɗan bakin iyaka ne, tsakanin Ireland ta Arewa da ƙasar Ireland mai cin gashin kanta. A garinsu saniya takan kwana a wata ƙasa ta yi kiwo a wata, madararta kuma ta ƙetara ta dawo kafin ta zama man shanu. Na ce ai labarin gida yake ba ni. Mu ma a Jibiya shanu ba su san Najeriya da Nijar ba, kuma tsofaffinmu har yau ɓangarenmu suke kira Ingila, na Maraɗi Faransi. Ya yi dariya har ya buga tebur, ya ce ashe duk 'yan bakin iyaka uwarsu ɗaya.

Na samu Hajiya ta yi ƙiba ta yi haske, tana zaune kusa da abin ɗumama ɗaki cikin rigar sanyi ta maza a kan atamfarta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mi ya same ka a goshi?" Sannan ta tambayi Hauwa, ta tambayi cikin, ta tambayi ko ƙafafunta sun kumbura. Shekara da shekaru Hajiya ta yi tana fataucin atamfa tsakanin Jibiya da Maraɗi, ba ta jin Turanci ko na sisin kwabo, amma a 'yan watannin nan ta yi ƙawa. Maƙwabciyar Binta ce, wata tsohuwa mai suna Maureen da mijinta ya rasu. Kullum da hantsi sai su zauna da butar shayi, wannan ta yi Hausa waccan ta yi Turanci, kowa ta gyaɗa kai a inda ya dace. Hajiya ta ce shayinsu ba laifi, sai dai rowar sukari.

Ana gobe za mu tashi, Binta tana shirin fita aiki ta tsaya a ƙofa ta ce, "Yaya, in za ku zaga da motar nan da ka ɗauko haya, ban da kudu. Kai fasfonka ya yarda, amma bizar Hajiya ta Birtaniya ce kawai, ba ta shiga waccan Ireland ɗin."

Na ce, "Binta, ni za ki koya wa iyaka? A bakinta aka yanke mini cibiya. In na hango ta sai in juyo."

Ni a sanina iyaka ba ta ɓuya. Akwai igiya a gicciye, da ganguna, da rumfar kwastan, da masu canji suna kaɗa kuɗi, da masu tuyar awara. Tun daga nesa hayaniyarta ke yi maka sallama.

Hajiya ta ce ba za ta je wa surukarta hannu rabbana ba, tana son bargon ulu na jariri da farin yadi mai kyau. Na tambayi Maureen inda ake samu. Ta ce akwai wani kanti nan gaba kaɗan, a can take sayen komai, in miƙe babban titi kawai. Ba ta ce wata ƙasa ba ce, don ita a wajenta ba wata ƙasa ba ce: cocinta na can, 'yarta na aure a can. Muka kama hanya, ina fama da tuƙi a hannun hagu, Hajiya tana zaune inda a Amurka direba ke zama, tana taka birkin da babu. Can na ga lambar gudun da ke kan allo ta yi tsalle ta haura ɗari. Na ce a raina, madalla, an sakar mana mara. Ban kawo cewa mil ne ya koma kilomita ba. Na ga rubutun alluna ya zama harshe biyu, na ce al'adar yankin ce.

A kantin Hajiya ta baje. Ta murza yadi tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ga haske, ta sa na tambayi mai kanti ko za a rage. Matar ta ce ba a ragi. Hajiya ta ce in gaya mata ba a taɓa yin kasuwar da ba a ragi ba, sai dai ba a iya tambaya ba. Ƙarshe matar ta ƙara mata 'yar hular jariri kyauta, kowa ya tsira da mutuncinsa. Na miƙa fam, ta karɓa ba musu, ta ba ni canji. Hajiya ta karɓe canjin daga hannuna kamar yadda ta saba, ta juya wani kwabo ta sake juyawa.

"Mannir, ina Sarauniyar?"

Na karɓa na duba. Babu kan Sarauniya, wani abin kiɗa ne mai tsirkiya a jiki. Na tambayi mai kanti, a hankali, wai nan wace ƙasa ce. Ta yi dariya ta ce Dundalk nake, a Ireland, fam ɗin ma don maƙwabtaka take karɓa. Sai na tuna da gargaɗin Binta.

Na fita waje na kira Binta. Ta yi salati ƙasa-ƙasa, da alama tana kusa da marasa lafiya. Ta ce, "Yaya, ku juyo yanzu, kada ku tsaya ko shan ruwa. Ba kullum suke tare mutane ba, amma in za su tare, fuska suke dubawa. In suka nemi fasfonta za su iya tsare ta su mayar da ita Najeriya daga can. In aka ɓata mata fasfo ban san abin da Amurka za ta ce ba."

Da na gaya wa Hajiya a mota ba ta yarda ba. "Wace iyaka? Ina igiyar? Wa ya tsai da mu? Kai dai ba ka son in shiga wancan kantin na takalma." Na nuna mata kwabon, na nuna mata akwatin wasiƙu da ke bakin titi, kore shar, alhali na garin Binta ja ne. Ta ƙura masa ido. Can ta ɗora hannu a kan bargon da ke cinyarta ta ce, "Yarinyar nan tana can tana jira na." Daga nan ba ta ƙara musu ba.

A nan ne muka haɗa hankalinmu na mutanen Jibiya muka yanke shawara. Hajiya ta ce wanda ba shi da takarda ba ya bin titin kwalta, ɓarauniyar hanya yake bi. Na ce haka ne. Na saki babban titi, wanda daga baya na ji babu kowa a kansa ranar, na kutsa wata 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki, shinge dama shinge hagu, in mota ta taho sai ɗaya ya raɓe. Muna shan wata kwana sai ga su: motar hukuma a gicciye, mutum biyu cikin riguna masu ɗaukar ido, da ɗan sanda yana ɗaga mini hannu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Na tsaya. Na sauke gilashi. Ɗaya daga cikin masu rigunan ya sunkuyo ya gaishe ni, ya yaba kyan rana ko da yake yayyafi ake yi, ya tambaya ko motar dizal take sha. Na ce e. Ya ce in buɗe masa tanki. Ya zaro wani siririn bututu ya nufi bayan mota. Ban gane komai ba, sai Hajiya ta raɗa mini, "Masu neman 'yan fasa-ƙwaurin mai ne." Gaskiyarta. Ashe man da ake sayar wa manoma da rahusa launi ake zuba masa, wasu kuma su wanke launin su riƙa ƙetarawa da shi ta irin waɗannan hanyoyi. Wato mun zaɓi hanya ɗaya tilo da hukuma ke tsaro.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma ɗan sandan ya zagayo ya tsaya daidai tagar Hajiya yana kallon gonaki. Ta gefen ido na ga ta jawo bakin mayafinta tana kwance ƙulli. Na san ƙullin nan. Shekaru ta yi tana kwance shi a kowane shinge daga Jibiya zuwa Maraɗi, ta ninke takardar kuɗi ƙanƙanuwa ta miƙa tare da gaisuwa, a ce Allah ya kiyaye hanya. Ta riga ta danna maɓallin gilashi. Na kai hannu na damƙe wuyan hannunta.

"Hajiya, don girman Allah."

"Sakar mini hannu. Na goro ne."

"A nan ɗauri ne. Mu duka biyu."

Gilashi ya gama sauka. Abin da ɗan sandan ya gani shi ne ƙato ya riƙe hannun tsohuwa tana fizgewa. Ya sunkuyo, fuskarsa ta canja, ya tambaye ta kai tsaye ko lafiya. Na saki hannunta. Yanzu zai nemi sanin ko ita wace ce, daga nan sai fasfo.

Hajiya ta dube shi, ta saki ƙullin ya faɗa cinyarta a ƙarƙashin bargo, ta gyara zama. "Sannu da aiki, yaro. Ina gajiya? Yaya ruwa? Yaya mutan gida? Allah shi yi albarka." Ta jero masa gaisuwa tun daga kansa har iyayensa, ba ta rage ko ɗaya ba. Ya dube ni. Na ce mahaifiyata ce, gaishe shi take yi, tana tambayar iyalinsa. Ya ce to me ya sa na riƙe ta. Na ce wani abu take son ba shi, ni kuma na ce ba a yi. Ya tsura mata ido, ita ma tana kallonsa, irin kallon da take yi wa mai sayen atamfa da ya tsaya ruwan ido. Sai ya ga hular jaririn a kan bargo. Ya tambaya ta wa ce. Na ce matata ce ta kusa haihuwa, daga wajen ƙanwata muke a Newry, can za mu koma. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, na dai roƙi Allah kada ya ƙara tambaya ɗaya.

Mai bututu ya dawo yana ɗaga 'yar kwalba, man fari tas. Ɗan sandan ya miƙe, ya dafa rufin motar ya ce, "Ka kula da ita. Kuma ka bar riƙe mata hannu haka, tawa uwar da tuni ta kwaɗa mini mari." Ya matsa ya ba mu hanya.

Ban san inda muka ƙetara ba, kamar yadda ban san inda muka shiga ba. Tafiya kawai nake ina raba ido, har na hango jan akwatin wasiƙu a jikin wata katanga. Na tsaya a gabansa na kashe mota. Na kifa kai a sitiyari ina ta alhamdu lillahi, ban san adadi ba. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan lokacin ba. Hajiya ta gama nata addu'o'in ta shafa, sannan ta juyo.

"Wanga yaro ya yi muna mutunci, ka hana shi na goro. Kuma ka riƙe mini hannu gaban mutane."

Na ba ta haƙuri. Ba ta haƙura ba sai da muka kai gida.

Binta ta yi mini wankin babban bargo, ƙanwa ce amma ranar na sunkuyar da kai. Maureen kuwa da ta ji abin da aikenta ya jawo sai ta rufe baki da hannu biyu, ta zo har gida da kek. Muna shan shayi ta ce lokacin ƙuruciyarta akwai abin da ya fi igiya a hanyar nan: sojoji, da hasumiyar tsaro a kan tudu, da ƙananan hanyoyi da aka toshe da kankare. Ta ce zuwa gidan yayarta a wancan ɓangare sai an zazzage mata jaka, wani lokaci a juyo da ita. Ba ta son ta sake ganin ko tsinke a gicciye a kan titin har ta mutu. Binta ta fassara wa Hajiya. Hajiya ta kama hannun Maureen ta riƙe, suka zauna haka shayi yana hucewa.

Daga Belfast muka tashi zuwa Landan, daga Landan sai Dulles. A nan Hajiya ta ga abin da take nema: dogon layi, jami'ai a cikin akwatunan gilashi, kare yana shinshina jakunkuna, a ɗauki hoton ido a ɗauki zanen yatsu. Ni ina fargabar kada maganar Dundalk ta taso, ita kuwa hankalinta kwance, ta ce nan aƙalla mutum ya san inda yake. Jami'in ya juya shafukan fasfonta ɗaya bayan ɗaya, ya buga hatimi. A wajen duba kaya suka ƙwace kilishin da ta ɓoye tun daga gida, suka shinshina daddawa suka mayar da sauri, suka bar mata kanwa da kuka. Har muka shiga tasi tana yi wa kilishin nan ta'aziyya.

Hauwa ce ta buɗe ƙofa. Cikin ya sauka sosai, fuskarta ta faɗa, da gani ba ta yi barcin kirki ba tun tafiyata. Ko kallona ba ta yi ba. Ta dafa bango tana ƙoƙarin durƙusawa ta gaida surukarta, cikin ya hana, ta tsaya a rabi, ba ta sauka ba ba ta miƙe ba. Hajiya ta yar da jakarta a bakin ƙofa ta tallabo ta.

"Tashi, ɗiyata. Wa ya aike ki?"

Hauwa ta buɗe baki za ta yi sannu da zuwa, sai kuka ya ƙwace mata. Ta kifa fuska a kafaɗar Hajiya, kafaɗunta suna rawa. Hajiya ta bar ta ta yi mai isarta, tana bubbuga bayanta, ba ta ce ta yi shiru ba. Da ta lafa sai ta share mata fuska da bakin mayafi, ta tuɓe takalma, ta leƙa ta bayanta tana neman hanyar kicin.

"To, ya isa haka nan, na zo. Nuna mini tukunyar da ta fi kowace girma a gidan nan, in ga ko za ta ɗauki ruwan wanka."